Sunan da Ban Kira ba a Kan Giluwe

Zuwa ga Serafina, sanyin idona, ɗumin ƙirjina, hayaƙin gida da nake hangowa idan na sauko daga dutse ƙafafuna na karkarwa. Serafina 'yar bakin teku, malamar da dariyarta ke mantar da yara sanyin garinmu Ialibu! Serafina! Kin ga na rubuta sunanki sau uku tun ban gama gaisuwa ba. A ƙasa nake, a bakin murhun Mama, saboda haka zan yi ta faɗinsa har bakina ya gaji.

Ina fata kin isa garinku Wewak lafiya, kin tarar da su Baba ƙalau. Ni kam ba ƙalau nake ba. Jiya direban bas ya miƙo min hular da Mama ta saƙa miki, a ƙulle cikin leda, babu ko guntuwar takarda. Shi ne ya fesa min cewa kin nemi a sauya miki makaranta, ba za ki dawo ba idan an dawo daga hutu ƙarshen Janairu. Wayyo zuciyata! Mama ta jujjuya hular, ta harare ni, ta ce, "Kai Rambua, ka iya kai Turawa ƙololuwar dutsen Giluwe, amma ka kasa kai magana kunnen mace ɗaya. Zauna ka rubuta mata, ko in rubuta a gadon bayanka da itacen nan." Shi ne na zauna.

Kin tuna yadda kika matsa min? "Shekara biyu ina kallon dutsen nan ta tagar aji. Ka kai kowa da kowa, ni ce ba za ka kai ba?" Na haɗa ki da Magret, dattijuwar nan ta Ostareliya, da Kelo ɗan kawuna mai ɗaukar kaya. Ranar farko a cikin kurmi, taɓo ya haɗiye takalminki, kika tsaya da ƙafa ɗaya kina tsine wa duk mutanen tudu, ni kuwa ina tona da hannu ina jin ba a taɓa yin mai sa'a kamata ba. Kika ci dankalin da na gasa a toka, kika ce ɗan gayun da zai aure ki dole ya koyi cin kifi. Rana ta biyu muka fito fili, ciyawa ruwan zinariya har iyakar gani, ƙananan tafkuna suna ƙyalli a tsakani. Kika riƙe gefen rigata. Ina ma tafiyar ta ƙare a nan!

Ban sani ba ko kin lura, tun da muka ƙetare shingen gona ta ƙarshe ban ƙara kiran sunanki ba.

Da safen rana ta uku, saura ƙasa da awa ɗaya mu kai, kanki ya fara sarawa. Kika yi amai, leɓenki ya canza launi, kina taku kamar mai maye. Sai farin hazo ya rufto mana, na waiga ban gan ki ba, ashe kin zauna bayan wani dutse. Serafina, nan take na juyo da baya. Na buɗe baki iya ƙarfina na ce, "Tsumman jaka! Kina ina, tsumman jaka?" Kelo ya sunkuyar da kai, ke kuwa kina hango shi ta gefen dutsen, kika zaci dariya yake ɓoyewa. Ga shi kuma kina ji ina cewa, "Magret, tsaya nan. Sannu, Magret." Da na iske ki, idonki jajir, kika ce, "Ita Magret ce, ni kuma tsumma, ko? Kira sunana sau ɗaya, Rambua, in tashi in ƙarasa." Na dube ki, sunan yana nan a kan harshena kamar garwashi, na ce, "Taso mu sauka." Na goya ki, hawayenki na bin wuyana. Kwana biyu muna saukowa ba ki ce min uffan ba. A tasha kika ce, "Na gode, Malam Rambua Pundia," kamar kina kiran sunayen 'yan aji.

Ga abin da na kasa faɗa miki. Tun kakanninmu, masu hawa ɗibar 'ya'yan karuka, itacen da ke fitowa a can sama ana cin ƙwayarsa, suna ajiye maganar gida a bakin shinge. A can sama wuta ba wuta ba ce, ruwa ba ruwa ba ne, komai da sunan da aka sake masa, domin an ce Mai Dutsen yana saurare, abin da ya ji sunansa kuwa yakan yi sha'awarsa. A gidanmu an ƙara da wani abu: wanda ba za ka iya rasawa ba, shi kake ba sunan da ya fi muni. Babana shekara talatin yana hawa da Mama yana kiranta tsumman jaka, wato tsohuwar jakar saƙar da ta goyi 'ya'ya biyar a ciki, ta kwaso dankalin da ya ciyar da mu. Kelo ya san sunan. Shi ya sa ya sunkuyar da kai, don ya gane a gabansa na aure ki da bakina.

Za ki ce, to me ya hana ni bayani da muka sauko? Tsoro ne, masoyiyata, domin bayanin yana da Yapua a cikinsa. Kin ga hotonsa a bangon Mama, na ce miki yayana ne, ya rasu, kika yi kawaici ba ki tambaya ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan gangaren, irin wannan hazon ya raba ni da shi. Ya sha ja min kunne kada in kira sunan mutum a can. Na ruɗe, na yi ta ƙwala masa kira, Yapua, Yapua, har muryata ta dushe. Kwana tara dangi suna nema, gatarinsa kaɗai aka samu. Fasto ya ce rami ya faɗa saboda bai ga gabansa ba, kuma na yarda. Na san ƙarancin iska ne ya kama ki, an koya mana wannan, na sauko da mutane da yawa saboda shi. Kaina ya san duk wannan, Serafina. Harshena ne bai sani ba. Magret amana ce a hannuna, da ƙafata da idona nake tsaronta. Ke kuwa ko ƙafata da idona ban amince musu a kanki ba.

Yaya zan yi da Ialibu idan babu ke? Wa zai zagi sanyinmu da safe? Wa zan hango a bakin aji in manta nauyin da ke bayana? Ki dawo, hasken safiyata. Idan ruwa ya ɗauke sai mu koma, a hankali wannan karon, mu kwana biyu a wajen tafkunan har jikinki ya saba, in tsayar da ke a ƙololuwa ki ga gajimare a ƙarƙashin takalminki. Amma ba zan yaudare ki ba, ko a can ba zan kira sunanki ba. Ko kin yi kuka, ko kin sake dawo min da hula. Gara in san kina Wewak kina fushi da ni, da in sake tsayawa a gangaren nan ina kira babu mai amsawa. A ƙasan shinge kuwa, ki zaɓa: kasuwa, coci, ko filin makaranta, zan yi ta shelarsa har shugaban makaranta ya kore ni.

Na mayar wa direba hular, tare da wannan takarda. Idan kin gama da ni, ki jefa ta a teku, ba zan ga laifinki ba. Idan kuwa da saura, kada ki wahalar da kanki da kalamai masu zaƙi. Ki samu guntuwar takarda ki rubuta min zagi ɗaya, mafi muni da kika sani, sunan da za ki riƙa kirana da shi idan mun ƙetare shinge. Zan gane.

Naki a ƙasa da sama, yau da ranar da ƙafata za ta daina hawa,
mai tsaye a tasha yana jiran a zage shi,
Rambua