Hodar Rana a Kujerar Mai Zaman Banza

Aikin farko na yau: duba ruwan lagireto da iskar tayoyi kafin ɗalibar farko ta iso.

Yaya mai wannan fili na ba da shawara, ki yi haƙuri, haka nake fara kowane shafi a littafina na kullum, hannu ya riga ya saba. Wannan karon na mai da shafin wasiƙa ne, domin ina neman taimakonki, kuma da ɗan gaggawa. An ba ni zuwa ƙarshen mako in ba da amsa kan wani abu, na juya shi ta ko'ina na kasa.

Na ɗan haura arba'in, ina da aure da yara, iyakar karatuna sakandare. Na daɗe ina aiki a wani shagon sayar da littattafai da biro, cikin inuwa, ƙarƙashin fanka. Bara ne wata makarantar koyon tuƙi ta nemi mace da za ta riƙa koya wa mata. Dama ni ke jan tsohuwar motar gidanmu tun da maigidana ya fara ciwon baya, sai na gwada sa'ata, aka ɗauke ni.

Yaya, ban taɓa son aiki kamar wannan ba. Yini nake a kujerar da ake cewa ta mai zaman banza, amma wallahi ba zaman banza nake ba: ƙafata na kan birkina na gefe, ido ɗaya a hanya ɗaya a madubi, baki kuwa ba ya rufuwa. Akwai wata ɗalibata mai jikoki da muke kira Hajiya Birki, don ko kyanwa ta hango daga nesa sai ta taka birki har goshinmu ya kusa gaisawa da gilashi. Ranar da ta yi ribas ta shige tsakanin duro biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba, fitowa ta yi ta rungume ni tana hawaye, wai yanzu za ta kai kanta asibiti ba sai ta jira surukinta ya ga dama ba. Irin wannan rana ban taɓa samunta a shagon biro ba.

To ga matsalar. Tun cikin autana wasu tabo masu duhu suka fito mini a kumatu da goshi. A da ba su da yawa, 'yar hoda kaɗan ta rufe su. Tun da na fara aikin nan suke ta yaɗuwa, kuma na lura kuncina na dama, wanda ke ɓangaren taga, ya fi na hagu duhu nesa ba kusa ba. Na je wurin likitar fata. Ta ce ba abin tsoro ba ne, amma rana ce ke hura masa wuta. Ta rubuta mini wani mai na shafawa kafin barci, da man kariyar rana, ta ce in shafa da safe, in kuma riƙa sabuntawa duk bayan awa biyu muddin ina waje.

Faɗa da baki ba wuya. Ni da safe in na shafa man nakan bi shi da man rufe tabo da hoda, don ba na so ɗaliba ta bar kallon hanya ta koma kallon kumatuna. Ranar da na gwada ƙara man a kan kwalliya, komai ya cakuɗe da gumi ya zama laka, har bakin mayafina ya ɓaci. Hajiya Birki ta kalle ni ta tambaya ko fenti ake yi a gidanmu. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Sai ƙanwata, autar gidanmu, da ke aiki a shagon magani, ta kawo mini wata aba kamar ƙaton biro mai burushi a kai, hoda na fitowa ta cikin gashin. Ta ce hodar rana ce, ita ma tana kare fata, kuma a kan kwalliya ake shafa ta. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Bari in faɗa miki yadda nake yi daki-daki, ko kya gano inda nake kuskure, don ni na duba na sake dubawa ban gani ba. Da safe mai, sai kwalliya. Tsakanin ɗaliba da ɗaliba in zaro hodar daga aljihun gaban mota, inda take zama, in share fuska da ita sau ɗaya. Da azahar in tsaya a ofis in wanke fuska tas da sabulu, don ba na yarda in yi alwala da wani abu tsakanin ruwa da fatata. In na idar da salla in mayar da man rufe tabo, in bi da hodar, in koma mota. Man kariyar yana gida a gaban madubi, tunda hodar ta maye gurbinsa, ni kuma ba na son jaka cike da tarkace.

Watanni sun shuɗe, tabon bai ragu ba. Ina jin ma ya ƙaru, ko kuwa idona ne, ban sani ba.

Maigidana mutumin kirki ne, shi ya raka ni ma ranar gwajin ɗaukar aiki. Amma yanzu ya fara cewa mai shagon biro har gobe ƙofarsa a buɗe take, in koma inuwa in huta. Ya ce shi ba zancen kyau yake ba, ai da ƙuraje a goshi ya aure ni. Abin da ya dame shi kullum ya shigo ɗaki sai ya tarar da ni gaban madubi ina tsaki. Yayarsa kuma cewa ta yi duk ɓata lokaci ne, ina ruwan baƙar fata da man rana. Har ta yi mini wani irin kallo, ta tambaya ko dai man bilicin ne aka sauya wa suna. Wannan ta yi mini ciwo, don ban taɓa shafa shi ba a rayuwata.

Ana cikin haka mai makarantar ya kira ni. Mata sun yi yawa, yana so ya buɗe musu sashe daban, ni ce shugaba, in horar da wasu mata biyu su zama malamai. Sai dai darussan tsakar rana duk nawa ne, don lokacin ne matan aure ke samun sarari, yara na makaranta. Wato ranar da ake ce mini in guje mata, ita ake miƙo mini da hannu biyu.

Wani lokaci in ce abin kunya ne mace kamata ta zauna tana lissafin kumatu. Wani lokaci in ce watakila hodar jabu ce, ko ni ce ban iya ba, ko yayar maigidana ce ke da gaskiya. A raina dai ina jin akwai hanya, ni ce ban hango ta ba. Ba na so in zaɓa tsakanin fuskata da sitiyari. Hodar nan tana aiki kuwa? In karɓi aikin, ko in koma inuwa?

Abin da ya rage na gobe:
- kai mota a gyara madubin gefe da wata ɗaliba ta gaisa da ƙofar gida da shi
- ɗinke aljihun wandon makarantar auta
- koya wa Hajiya Birki tashi a kan tudu ba tare da mota ta sulale baya ba
- amsar mai makaranta (ban sani ba tukuna)

Taki,
Malamar Tuƙi

AMSA

Ƙanwata Malamar Tuƙi,

Sannu da ƙoƙari. Kin sauƙaƙa mini da kika zayyana yininki tiryan-tiryan, domin amsar tana cikin wasiƙarki. Ba lallai hodar ce jabu ba, ke ma ba ki kasa ba. Aikin da ba nata ba kika ɗora mata.

Hodar rana ƙari ce, ba tushe ba. Faci ce, ba ita ce tayar ba. Abin da burushi ke zubawa a shara ɗaya bai kai kaurin da zai ba ki kariyar da aka rubuta a jikinta ba, sai dai in za ki yi fari fat kamar kin faɗa buhun fulawa. Amfaninta shi ne ta ƙarfafa man da ke ƙasa. Ke kuwa da azahar kin wanke komai da sabulu, kin fita cikin ranar da ta fi kowace ƙarfi da 'yar ƙurar hoda, man yana gida yana hutawa.

Kada ki sauya komai a alwalarki. Hasali ma dama ce. Wasu matan damuwarsu yadda za su ƙara mai a kan kwalliya, ke kuwa kina samun fuska tas a tsakiyar yini. Ki sa ƙaramar kwalbar man a jaka, wannan ba tarkace ba ne. Bayan salla ki tsane fuska, ki matso man tsawon yatsu biyu, ki shafa har kunne da wuya, ki ɗan bar shi ya kama, sannan kwalliya. Duk lokacin da kika sake wanke fuska alhali da sauran rana, haka za ki maimaita.

Hodar kuma tsakanin darussa ne wurinta. Ki fara tsane gumi da tishu, dannawa ba gogewa ba. Ki buga burushin a bayan hannu har ki ga hoda na fita, sannan ki zagaya fuska sau da yawa, ki fi ba kuncin dama muhimmanci. Ki ɗauke numfashi yayin shafawa kada ki shaƙa. Ki fitar da ita daga aljihun mota, zafin wurin ba na ajiya ba ne, ki riƙa tsabtace burushin, kada kuma ki ara wa kowa.

Kin yi kyakkyawar lura game da taga. Gilashin gefe na motoci da yawa ba ya tare duk hasken da ke tayar da irin wannan tabo, ko da a rufe yake. Akwai leda garai-garai da ake manna masa, ki tambaya wadda doka ta yarda da ita a inda kike. Ki ƙara da tabarau mai faɗi. Ki kuma tambayi likitarki game da man kariya mai launin fata, wanda ke rufe tabo yana kuma karewa. Zai iya rage miki aiki biyu ya koma ɗaya.

Maigidanki yana da tasa gaskiyar. Inuwa ta fi kowane mai, kuma tabon nan mai naci ne, yakan dusashe ya dawo, ba zan yi miki alkawarin zai ɓace ba. Amma ki lura, ba aikin ya ƙi ba, tsakinki ne ke ci masa rai. Ki tafi da shi wurin likita ya ji da kunnensa. Yayarsa ma ta taɓo rabin gaskiya: baƙar fata ta fi jure ƙunar rana, amma ita ce ta fi riƙe tabo. Man kariya ba ya sauya launin da Allah ya ba ki. Ki faɗa mata haka sau ɗaya, cikin ladabi, ki wuce.

Game da amsar, shawarata ki karɓa. Ke da kanki ba za ki sallami ɗaliba don mota ta ƙi tafiya alhali birkin hannu na ɗage ba. Ki sauke shi tukuna ki ga tafiyar. Sai dai ki karɓa da sharaɗi: a gyara gilashin, a ba ki ɗan sarari bayan azahar, kuma idan malaman biyu sun ƙware ku raba darussan tsakar rana. Mai makarantar yana buƙatarki, yanzu ne lokacin magana. Ki ba sabon tsarin 'yan watanni, ki ɗauki hoton fuskarki sau ɗaya a wata a wuri guda, ki rage wa madubi ziyara. In abin ya ƙi duk da haka, ki koma wa likita, kuma ki tuna shugaba ce ke raba lokutan aiki.

Kula da fuska ba abin kunya ba ne, amana ce kamar sauran jiki. Gobe ki je wa mai makarantar da sharuɗɗanki, kai a ɗage. Allah ya sa wa aikin albarka, ya ƙara lafiya a gidanki, ya tsare ki da ɗalibanki a kan hanya.

Taki,
Yayarki ta wannan fili