Gurasar Sanjar

Istanbul, 9 ga Maris

Dilrabo,

Ƙanenki Sanjar ya rasu ranar Talata, huɗu ga wata, ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, bayan jinyar huhu ta kwana shida. Ni na rufe masa ido.

Ina gaishe ki. Yaya yara? Yaya baffanki Shugaban Ƙasa? Ni lafiya nake, ina shiga aji, abinci ne kawai ba ya wucewa.

Sau uku na kira fada. A na uku na faɗa miki, kika ce, "Haba Baba, baƙi tamanin gare mu yau, ka bari a watse mana." Na bari. Washegari na gan ki a talabijin cikin jan alharini, kina gaisawa da jakadu. Na san tun rasuwar matar yayana ke ce uwargidan fada. Ban san kujerar tana hana sanya shuɗin tufa na makoki ba.

Ban roƙi a yafe mini rubutun da ya sa aka kore ni daga ƙasa ba. Sanjar bai rubuta komai ba, rakiya ya yi mini. Sa hannu ɗaya zai mayar da gawarsa gida, mai hannun kuwa kullum ke kike miƙa masa shayi.

Ranar tafiyarmu ya gatsi gurasa bisa al'ada, ke kika rataye ta a bango don ya dawo ya ƙarasa.

Allah ya raya miki naki.

Gurasar tana bango. Ƙanenki yana ɗakin ajiye gawa, ba a binne shi ba.

Mahaifinki,
Hikmatullo