Mariƙin Keken Auta

Litinin, 3 ga Maris

Na yi laifi, zan kuma rubuta shi yadda yake. Ma'aikaciyar asibitin da ke yi wa ƙanwata Auta gashin ƙashi ta aiko mata takardar gayyata zuwa lambun shaƙatawa, inda masu keken guragu da makafi da kowa za su wuni tare. Na ɓoye ta ƙarƙashin dardumar sallata kwana tara. Na ce zafin rana nake jiye mata. Ƙarya ne. Shekara shida tun hatsarin da ya hana ta tafiya, ba ta fita ko'ina ba sai hannuna na kan mariƙin kekenta. Idan hannun ya sauka, ina amfanina?

Laraba, 5 ga Maris

Na miƙa mata. Ba ta yi faɗa ba. Wai tun ranar farko ta hango gefen takardar, jira take ta ga ni da darduma wa zai fara magana. Na yi wa Allah alkawari: zan raka ta, amma ba zan taɓa keken ba sai ta nema.

Juma'a, 7 ga Maris

Ta sa na goge mata shuɗin mayafin da take koyarwa da shi a da.

Asabar, 8 ga Maris

A lambun, an shimfiɗa katako bisa ciyawa tun daga ƙofa. A gefe igiya ce ta makafi, da ƙulli duk inda hanya za ta karkata. Mai tsaron ƙofa ya dube ni, ya tambayi abin da take buƙata.

"Malam, tambaye ni," in ji Auta. "Ƙafa ce ta tafi, bakin yana nan."

A gangaren tafki taya ɗaya ta zame daga katakon, ta nutse a laka. Taku uku ne tsakanina da Auta. Na damƙe hannuwana cikin hijabi ina salati. Ta ja baya, ta tura, ta sake ja, gumi na bin wuyanta. Ba ta waiwayo ba. Allah Ya gafarta mini, so na yi ta waiwayo. A karo na huɗu ta hau.

Can bakin ruwa ta kira ni: "Yaya, zo nan gefena, ki bar tsayuwa a bayana kamar dogari."

Na zauna a benci. Ashe duk shekarun nan ƙeyarta kawai nake gani a waje. Na manta yadda take ƙanƙance ido a rana, irin na mahaifiyarmu.

Talata, 11 ga Maris

Kafinta ya zo ya auna dakalin ƙofar gida, zai yi mana gangaren katako. Na ce masa saboda ciwon bayana ne. Auta ta yi tari.

Alkawarin na cika shi. Hannuwana ne har yau ban san inda zan ajiye su ba.