Wandon Sani ya tsaya a ƙwauri

Assalamu alaikum, Yaya Hajara.

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Gombe dai sai godiya.

Direba ya dawo da jins ɗin da na aika wa ɗana Sani. Wai a ƙwauri ya tsaya, ƙugun ma ya ƙi haɗuwa. Na ji haushi, na ce kun raina kyautar da na aiko ne, amma ba laifinku ba ne. A jikin ɗan maƙwabcina na unguwar Manawashi na gwada, domin tsayinsu ɗaya da Sani lokacin da na baro gida. Ni mai sayar da wando, da nake kallon baƙo in faɗi lambarsa!

Wando mai zanen sojoji da ya roƙa kam ba zan saya ba, kada a tare shi a hanya. Na ajiye masa kaki mai aljihu a cinya.

Don Allah ki auna shi da zare, ƙugu da tsayi, ki ƙulla, ki ba direba. Ina so in ga inda ɗana ya kai.

A gaida Inna, a sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Bala