Fim ɗin Ankul Dickson da Ƙahon Akuya

Lahadi, 11 ga Fabrairu

An cuce mu yau. Ankul Dickson, ƙanen Mama, ya ce bayan coci zai sa mana fim ɗin Indiya. Har wanke-wanke na yi da gudu. A bayan faifan akwai mace da jan ɗigo a goshi, wa zai ce ba Indiya ba ne?

Babu rawa. Babu sauya kaya. Mutane ne cikin fararen riguna suna ta tafiya a titi da kwalaye. Sai da muka zauna ya ce wai ba Indiyanci ba ne, Bangali ne, wani sojan Bangladesh ya ba shi lokacin da suka yi aiki tare a Laberiya. Kuma shi ke fassarawa, shi da bai iya yaren ba! Wani mutum a fim ɗin ya yi magana mai tsawo, Ankul ya ce, “Ya ce ba za su yarda ba.” Mama ta ce, “Dickson, duk wannan surutun?” Ya ce, “Sista, haka yarensu yake.”

An ɗauke wuta a tsakiya. Ban taɓa jin daɗin ɗauke wuta ba sai yau.

Talata, 13 ga Fabrairu

Ƙaho yana wuyan Mildred, ’yar ajinmu, tun jiya. Ƙahon akuya ne da igiya, Mista Bartholomew mai koya mana Turanci ya kawo shi ajinmu. Wanda aka ji yana banakula, wato kowane yare ban da Turanci, shi za a rataya wa, sai ya kama wani kafin ya rabu da shi. Wanda aka tashi makaranta yana wuyansa ya yi yankan ciyawa. Ranar Juma’a kuwa, gaban asambali, bulala shida.

Tun da na shiga aji ɗaya bai taɓa zuwa wuyana ba. Rashin magana ma yana da amfani.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Ankul ya sake sa fim ɗin, dole muka ƙarasa. Ashe ’yan makaranta ne. Gwamnati ta ce a bar yarensu a ɗauki wani, suka fita titi, aka harbe su. A kan yare! Ba gona ba, ba coci ba. Ni abin haushi ya ba ni. Da sun yi shiru da suna nan da ransu. Ni kullum shiru nake yi, me ya same ni?

Sai wurin da uwar ɗayan ta zo asibiti ta tarar da takalminsa guda ɗaya, tana ta kiran sunansa. Ankul bai fassara komai ba a nan. Na juya na ga Kaka tana share ido da bakin zane. Kaka da ko Hausa rabi-rabi take ji! Ta yi wa Mama magana da Jju, yarenmu, na tsinci kaɗan, wai matar tana kiransa ne da bakin da ta yi masa wasa yana goye.

A ƙarshe suka yi waƙa, kowa ƙafa ba takalmi, da furanni a hannu. Ankul ya miƙe tsaye ya ƙame. A falonmu. Don ƙasar wasu. Kunya kamar in nutse.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Ƙaho yana wuyana.

Na manta abincina a gida, Kaka ta biyo ni da shi har tagar aji lokacin hutu. Ta gaishe ni da Jju, na amsa. Kalma biyu! Abin da na iya ma bai fi ashirin ba. Kafin in juya Mildred ta zura mini igiya tana ihu. To da me zan amsa wa Kaka? Da Turanci? Tsohuwa ta tako daga gida a cikin rana.

Kaka ta taɓa ƙahon ta yi murmushi. Ta ɗauka kyauta aka ba ni.

Yana wari.

Talata, 20 ga Fabrairu

Na yanki ciyawa bayan ofis, jiya da yau. Tafin hannuna ya tashi.

Abin da ya fi ciwo, duk inda na nufa sai a yi tsit. Ni kuma kunnena ya zama na kare. Na kama kaina a bayan bayi ina sauraron ’yan mata biyu. Ni, Jacinta! Suka gan ni suka koma Turanci suna dariya.

Ba bulalar nake tsoro ba. Tsayuwar ce. Mutum ɗari huɗu suna kallona.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Da safe Ankul ya ce yau ce ranar da aka harbe yaran nan, wai har yanzu ana tunawa da ita. Na ce to. Ina ruwana, ni da ke da ƙaho.

Kubra ce ke zama kusa da ni. Bara suka dawo nan Kafanchan, Turancinta bai kai nawa ba, shi ya sa ita ma ba ta magana. Watanmu biyar a benci ɗaya, abin da ya haɗa mu aron abin goge rubutu. Yau na kasa riƙe biro da kyau. Ta kama hannuna ta buɗe, ta ce a hankali, “Wayyo, sannu. Ki shafa man kaɗe.”

Da Hausa.

Ta rufe bakinta da hannu. Mildred daga bayanmu ta ce, “Ba ta! Ba ta mana!” da Turanci, ita ai ta koyi darasi. Hannuna har ya kai kan igiyar, ba zan yi ƙarya a littafina ba. Kubra ta riga ta sunkuyar da kai tana jira.

Na ce ban ji komai ba.

Ban san dalili ba. Kada wani ya ce saboda fim ne.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Ciyawa. Na tarar da man kaɗe a ƙullin leda cikin jakata.

Juma’a, 23 ga Fabrairu

An kira sunana. Na fita gaba. Mista Bartholomew ya ɗaga ƙahon ya nuna wa kowa, ya ce in faɗi laifina da ƙarfi. Na ce na gaida kakata. Wasu suka yi dariya. Ya ce in yi alkawari ba zan sake ba, sai ya rage mini zuwa uku.

Shi fa ɗan Zonkwa ne. Na sha jin sa a bakin coci yana gaida Kaka da Jju, har da rusunawa!

Na yi shiru. Ya sake tambaya. Na yi shiru. Kowa ya ɗauka kunyata ce ta kullum. Ni ma da farko haka na ɗauka.

Shida. Na huɗun ne ya fi zafi. Ban yi kuka ba sai a bayi, Kubra na tsaye a bakin ƙofa tana jirana.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Ƙahon yana cikin jakata, ba wanda na ba. Gobe ma ni ce. Mama ta ce za ta je makarantar, Ankul ya ce zai raka ta da tsohuwar hularsa ta soja, ta ce ya zauna.

Na tambayi Kaka yadda ake cewa ƙaho da Jju. Ta faɗa, na maimaita, ta yi dariya har da tari, wai bakina na ’yan gari ne. Sau biyar kafin ta yarda. Na rubuta a bangon bayan littafin nan. Da akuya, da hannu, da sannu. Yanzu ashirin da huɗu.

Da aka kawo wuta na ce wa Ankul ya sa faifan nan, wurin takalmin kawai. Ya kalle ni. Na ce ba son fim ɗin nake yi ba, har yanzu babu rawa. So nake in ji sunan da take kira.

Ya buɗe baki zai fassara. Na ce ya bari.