Takardar da Apa Ta Sa wa Hannu

Bishkek, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Burul,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya sanyin Novosibirsk, ya aikin ɗinki, ya kuma ciwon bayan nan naki? Ina fata maigidanki da yara suna lafiya. Mu nan sai godiya.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙata, tunda kowace Lahadi muna waya. Akwai maganar da bakina ya kasa ɗauka, shi ya sa na ba hannu.

Wata biyar ke nan mahaifiyarmu tana wurina. Na ce miki na ɗauko Apa daga Tokmok ne saboda gidanta yana yoyo, kuma za ta koma da zarar an gyara. Rabin gaskiya na gaya miki.

Kin san yadda benen ma'aikatan kamfanin sukari ya koma. Bara da kaka na je na tarar ruwa yana bin bango tun daga sama har sashenta na ƙasa. Bokiti uku a ɗakin kwana, tana tari, tana yawo cikin gida da kwat ɗin marigayi babanmu. Na ce ta biyo ni. Ta ce, "Ruwan da bai kashe ni shekara arba'in ba, bana ne zai fara?"

A lokacin ne aka sanar gwamnati ta ba garin kuɗi don sayen gidaje daga hannun masu su, a raba wa waɗanda suka daɗe suna jiran muhalli. Kowa cewa yake ginin nan rushewa zai yi. Na ga idan ban sayar yanzu ba, wata rana ko kyauta ba mai karɓa. Sai na kai mata takardar wakilci, na ce ta fansho ce. Ko dubawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana ne ya kawo, me zan karanta?"

Yaya, na sayar wa hukuma gidan Apa. Kuɗin suna banki da sunanta, ban taɓa ko som ɗaya ba. Ita kuwa kullum tana bakin tagar gidana a hawa na tara tana tambayata ko masu gyara sun fara.

Ki faɗa mini duk abin da ya zo bakinki, na cancanta.

Ƙaninki,
Kubanych

Bishkek, 21 ga Mayu

Yaya Burul,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarki ta iso. Na karanta sau biyu, ban sami inda zan kāre kaina ba. Abu ɗaya kawai: ba kwaɗayi ba ne. Ke ba ki ji tarin nan ba, ni na ji.

Al'amarin ya ƙara cakuɗewa. Ashe kuɗin gwamnatin kashi biyu ne, na saye da na gyara, kuma benenmu yana cikin na gyara. An sa sabon rufi, an canja tagogi da bututun ɗumama ɗaki. Baba Ainagul, maƙwabciyarta ta sama, ta bugo wa Apa tana ta murna, wai ginin ya koma amarya. Allah ya taimake ni layin ya katse kafin ta kai ga sauran labarin. A yinin nan Apa ta ɗaure kayanta, har da tsiron tumatir da ta shuka a gwangwani.

Matata Nurzat ta ce da ni, "Ka gaya mata da bakinka, kafin ta ji a bakin wani. Ni na gaji da kwance ƙullin tsohuwa ina cewa gobe."

Na tafi ofishin gidaje in mayar da kuɗin. Ma'aikaciyar ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce an riga an ba wasu gidan. Wata mata ce, Gulsara, da 'ya'yanta mata uku da mijinta wanda ya faɗo daga gini, ƙafafunsa suka mutu. Shekara goma sha ɗaya suna jira, suna zaune cikin kwantena a bayan kasuwa. An zaɓa musu sashen Apa ne saboda a ƙasa yake, keken guragun mijin zai shiga. Ta ce, "Malam, kai za ka je ka ce su fita?"

Haka na fito da kuɗin. Ranar Asabar zan kai Apa Tokmok. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Kubanych

Bishkek, 3 ga Yuni

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Ga yadda aka yi.

Sai da muka wuce garin Kant na tsayar da mota a gefen hanya na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon gonaki, gwangwanin tumatir a cinyarta. Na ce mu juya? Ta ce, "Tuƙa."

Da ƙyar na gane ginin. Gulsara ce ta buɗe mana, da ta ji ko su wane ne sai ta ɗauka korarsu muka zo yi. Apa ta cire takalmi kamar baƙuwa, ta nemi izinin shiga. Aka zaunar da ita a kicin ɗinta, aka kawo mata shayi da burodi. Ta shafa bango, a bushe. Ta nuna wa matar yadda ake ɗaga ƙofar ɗakin ajiya kafin a ja, da inda rana take faɗawa da safe, don a riƙa ajiye keken maigidan a can. Tumatir ɗin ma ta bar musu. Shi kuwa mijin cewa ya yi, "Inna, bana ne karon farko da 'ya'yana za su yi wanka ba a bayan labule ba."

Da muka fito tsakar gida ta tsaya ta dube ni. Ta ce, "Sun fi ni bukata, wannan na gani da idona. Wataƙila da ka kawo ni na ga yaran nan, da kaina zan ba su makulli. Amma ba ka tambaye ni ba. Ka mai da ni kayan ɗaki, a ɗauka a ajiye."

Na riƙe mata ƙofar mota, ta wuce ni ta hau bene. Baba Ainagul tana da gado biyu tun rasuwar mijinta. Can Apa take yanzu, a saman tsohon gidanta. Na koma Bishkek ni kaɗai.

Jiya na kai mata magani da bargo. Tarin ya ragu. Ta ba ni abinci, ta tambayi Nurzat, ta sa mini albarka a bakin ƙofa. Sai dai kin san tun ina rarrafe Auta take kirana. Jiya sau uku ta kira ni, duka ukun Kubanych ta ce.

Idan da hali ki zo da bazara. Ke har yanzu tana yarda da abin da kika faɗa mata.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Kubanych