Watan Da Mista Penhallow Ya Ƙara

Tsibirin Tarbox, Maine
Yuni, 1856

Zuwa ga Yaya Hitty,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ƙarar masaƙar Lowell ba ta kurmantar da ke ba. Mama lafiya lau. Labulen tagarta mai kallon teku yana nan a sake tun rasuwar Baba. Hoton jirginsa ma har yanzu fuskarsa na kallon bango, yadda ake yi wa jirgin da bai dawo ba.

Mun yi baƙo daga Boston, Mista Penhallow, mai zanen teku. Ya kama ɗakin da Kawu Obed ke ajiye taru, ni nake tuƙa shi a kwale-kwale. Yaya, mutumin nan abin kallo ne. Ba ruwansa da rana, sai wata ya fito zai ce mu tafi. Ba fensir, ba takarda. Zama kawai yake yana kallon ruwa, ya yi amai, ya goge baki, ya ci gaba da kallo. Da safe sai ya juya wa teku baya ya kama aiki. Na ce, "Yallaɓai, ga tekun a bayanka." Ya ce, "Wancan ba ya tsayawa, Elkanah. Na cikin kaina ne ke tsayawa."

Abin da ya fi ɗaure min kai, fari yake fara shafawa. Sannan ya bi da kore kaɗan-kaɗan, ya jira ya bushe, ya ƙara. Sai ki ga igiyar ruwa ta miƙe, haske na fitowa daga cikinta kamar an kunna mata fitila. Kawu Obed ya leƙo ya ce, "Malam, matsar da ruwan nan, zai jiƙa min taru."

Ya ce yana son jirgi a tsakiyar hadarin da yake zanawa, in kwatanta masa wanda na sani sosai. Ɗaya ne na sani sosai.

Ki huta lafiya. Naki ƙane,
Elkanah

Lowell
Yuli, 1856

Elkanah,

Na samu wasiƙarka, ina gaida kai da Mama. Amma kai dai akwai sanyin jiki da rashin dabara! Wane jirgi ka kwatanta masa? Kada ka ce min na Baba ne. Ka san mutanenmu ba sa kallon zane don kyau, nema suke su gane jirgin wane ne. In ka gaya masa jan facin da Mama ta ɗinka a ƙyallen iska na gaban jirgin, ko jariri zai gane shi.

Ka tuna yadda ta kwanta a damunar da abin ya faru, har muka cire rai? Ba zan iya barin aiki in sake zuwa jinya ba. Ka sa ya shafe facin tun magana ba ta fita ba.

Ka gaya wa Mama na samo mata yadin labule mai kauri, zan aiko idan Allah ya kai mu ƙarshen wata. Kai kuma ka rage yawon wata da mai amai.

Yayarka,
Hitty

Tsibirin Tarbox
Yuli, 1856

Yaya Hitty,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta makara. E, har facin na gaya masa. Ba da gangan ba, tambaya yake ina amsawa, sai na ji daɗin faɗa.

An gama zanen. Sama baƙi ƙirin, wata ya tsaga gajimare, jirgin ya karkata gefe ɗaya, ga Dutsen Tsohuwa a gabansa yana kumfa. Ranar Asabar ɗakin taru ya cika. Kawu Obed ya ce, "Zai ci karo da dutsen, ba makawa." Peleg mai shago ya ce, "Kai tsoho, idonka ya mutu. Dubi hancinsa, zai wuce." Har suka kusa cin kwalar juna. Aka tambayi mai zanen. Ya ce shi ma bai sani ba, a nan ya tsayar da shi.

Da aka gaya masa jirgin wane ne, da al'adarmu, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce zai shafe facin. Kawu Obed ya ce shafewa ba ta isa ba, a juya shi bango. Ni na ce a dakata. Ban san dalili ba, Yaya. Na daɗe ban ga jirgin nan a kan ruwa ba.

Mama ta ji a coci. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta dafa wake, ta zuba min, ita ba ta ci ba. Ɗazu ta ciro baƙar hularta ta kaɗe. Ta ce gobe in raka ta.

Ki sa mu a addu'a.
Elkanah

Tsibirin Tarbox
Yuli, 1856

Yaya Hitty,

Ina gaisuwa. Ba zan jira amsarki ba, jirgin wasiƙu na shirin tashi.

Mun je. Hanyar bakin ruwa ce, Mama ta yi ta kallon takalminta har muka isa. Mista Penhallow ya riga ya juya zanen bango, ya tsaya riƙe da hula. Ta ce, "Juyo shi, ɗana."

Ta daɗe a tsaye. Ni ina bayanta, hannuna a shirye ko za ta faɗi. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa fentin, ta dubi jan facin ta ce, "Ɗinkina ya fi wannan kyau." Ya ce, "Na yarda, Uwargida."

Sai ta nuna sama. "Wannan watan daga ina? A daren nan babu wata. Na tsaya a taga har asuba, ko hannuna ban gani ba."

Ya ce, "Ni na ƙara shi. In babu shi ba a ganin komai. Amma yanzu zan rufe shi." Har ya ɗauko buroshi da baƙin fenti.

Ta riƙe masa hannu. Ta ce, "Bar shi. Shekarun nan duk a duhu nake ganinsa. Bari ya ga hanya."

Kawu Obed ya yi gyaran murya daga ƙofa, ya kira Mama da sunanta ya ce, "Thankful, al'ada fa?" Ta ce, "Obed, wanda ya nutse ake juyawa. Wannan ka ga ya nutse?" Ya koma kan tarunsa.

Muka koma gida. Da dare ta ci abinci. Ban sani ba ko ta warke ne, ko ciwon ne zai biyo baya. Ina nan ina lura.

Naki,
Elkanah

Tsibirin Tarbox
Agusta, 1856

'Yata Mehitable, Hitty tawa,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Ki daina yi wa ƙanenki faɗa.

Yadin labulen nan kada ki aiko. Ki ɗinka riga da shi, sanyi na tafe.

Tagar tana son wanki, gishiri ya cinye gilashin.

Mahaifiyarki,
Thankful Tibbetts